Kafin ku tashi Kuala Lumpur

Assalamu alaikum ɗana, ya gajiyar biki, ya amarya? Jiya na so mu zauna amma gidan cike yake da baƙi shi yasa na ce bari kawai in rubuto maka.

Na ga lis ɗin da gwaggonninka suka turo maka, wannan jaka, wannan turare, har da mai son waya. Ka ninke shi ka tura ƙasan akwati. Ba fatauci za ka ba, 'yar mutane ka ɗauko kuma wannan ce tafiyarku ta farko. Lokacin da muka je yaye yayanka ni da babanku kwana 6 muka yi, 4 duk a kasuwa suka ƙare, na dawo ƙafa a kumbure kuma wallahi har yau akwai mai cewa mayafinta bai kai na wance ba. To ka ware wa tsaraba yini ɗaya tak, ku je Jalan Masjid India da Jalan Tuanku Abdul Rahman kusa suke da juna, mayafai da yadi sai kun zaɓa. Petaling Street kuma jakunkuna da agoguna yawanci jabu ne, in za ka saya ka taya ƙasa sosai kar ka ji kunya. Sannan dan Allah in ta nuna abu tana so kar ka tsaya a gabanta kana juya ringit zuwa naira kana tsaki, halin babanku ne wannan, na san ka gada.

Abinci kuwa kar ka ce ai ƙasar musulmi ce ka saki jiki. Jalan Alor da ake ta yabo da daddare akwai masu naman alade da giya, ku duba tambarin halal ko ku wuce Kampung Baru wajen 'yan Malay. Ku ci nasi lemak, shinkafa ce da madarar kwakwa da gyaɗa da ƙananan kifi da wani yaji mai zaƙi zaƙi. Satay ɗinsu tsire ne kawai sai dai sun cika suga. Ta tafi da yajinta. Durian, wani ɗan itace ne mai ƙaya, in kun ga dama ku ɗanɗana a waje, otal da yawa sun hana shiga da shi saboda wari, ni kam loma ɗaya na yi na tuba.

Petronas, dogon benen nan tagwaye, hawa 88 ne, ka sayi tikitin gadar nan ta tsakiya a intanet tun da wuri don yana ƙarewa, amma kyansa da daddare daga ƙasa. Batu Caves matakala 272 ce ga birai masu fizgar leda, kuma wurin bautar Hindu ne, ka tambaye ta tukuna kar ka ja ta tana haki tana jin nauyin ce maka ta gaji. Juma'a ka je Masjid Jamek, tun 1909 yake nan inda koguna biyu suka haɗu. Ku riƙe lema, ruwan la'asar ba ya sallama.

Kar ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi ko da kuwa ɗan garinmu ne ya haɗa ka da Allah, a can ƙwaya har kisa suke yi a kanta.

Sun riga mu da awa 7, in ka kira da safenku tsakar dare ne a nan, ka bari sai la'asar ɗinku. Kuma ka fara kiran mamanta kafin ni.

Mamanka