Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ɗan majalisarmu: Babana ba mahaukaci ba ne

Assalamu alaikum Honorabul, ranka ya daɗe, da fatan ana lafiya.

Wata biyar kenan Baba ya dawo daga sallar asuba ya fara magana ba mu gane komai, kalmomi na ta fita tar-tar da muryarsa ta kullum amma babu ma'ana, yana son buta sai ya ce takalmi, in ka ce Baba zauna sai ya bi ka da ido kamar wani yare ka yi masa. Hannu lafiya, ƙafa lafiya, baki bai karkace ba. Shi ya sa kowa a gida ya ce iska ce ko sammu, kwana uku muna ruƙiya da rubutu.

A rana ta huɗu muka kai shi ƙaramin asibitin unguwa, wanda ka tsaya a ƙofarsa lokacin kamfen ka ce za ka kawo ma'aikata da kayan aiki, ina wajen, na ji da kunnena. Na'urar awon jini ta lalace. Wanda muka tarar ya saurari Baba minti biyu ya ce taɓin hankali ne. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Sai da muka je asibitin koyarwa na Shika aka yi hoton ƙwaƙwalwa sannan likita ya zaunar da mu ya yi bayani. Hawan jini ne ya jawo jijiya ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, saitin kunne, inda ake fahimtar magana, irin toshewar da ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Sunan ciwon afasiya, irin nasa kuma wani likitan Jamus Carl Wernicke ya bayyana shi tun 1874. Kunne na ji, hankali na nan, ma'anar ce ba ta isa, kuma shi bai ma san maganarsa ta rikice ba, shi ya sa yake fushi in ba mu gane ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki suna gamuwa da wani nau'in afasiya. Abin da ya fi ci min rai, akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar amma sai cikin awa huɗu da rabi na farko. Mu kwana huɗu muka ɓata.

Honorabul don Allah, ba kuɗi nake roƙo ba. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocinmu cewa dattijon da maganarsa ta rikice farat ɗaya a tura shi babban asibiti nan take. A faɗa a rediyo da Hausa, a faɗa wa limamai da masu ruƙiya tunda wajensu ake fara zuwa. Sannan a nemo mana mai koyar da magana wanda ya ji Hausa, domin watannin farko ne aka fi samun sauƙi, mu kuma namu suna wucewa. Yanzu ƙanwata ce ke zama da shi da hotuna da cokali da kofi tana nuna masa ɗaya-ɗaya, a hankali, da gajerun kalmomi.

Maganar hanya da magani mai tsada ma tana nan, amma bari na bar ta.

Jiya yaran layinmu suka bi Baba suna ce masa mahaukaci, mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗinki a Tudun Wada kowa ya san shi. Ka zo ka gan shi Honorabul, ka gyara mana na'urar awon jinin nan ko da ita kaɗai ce a fara da ita.

Naka,
Wani ɗan mazaɓarka daga Zariya