Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kamfanin da Ke da Gidan Mai a Bakin Unguwarmu

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin gidajen da ke bayan gidan manku, kuma na zaɓi in fitar da ita a bainar jama'a saboda takardun da muka miƙa wa manajan wurin ta hannun mai unguwa ba su samu amsa ba.

Tun tsakiyar daminar bara ruwan rijiyoyinmu ya fara warin fetur. Da farko mun ɗauka guga ce ko jarka aka taɓa zuba mai a ciki, har sai da muka ga maiƙo mai launuka yana yawo a saman ruwan da aka janyo yanzu-yanzu, kuma abin ya bi gidaje a jere, daga wanda ya fi kusa da katangarku zuwa na ƙasa da shi. Rijiyar masallaci ma ba ta tsira ba, mutane sun daina kurkure baki da ruwanta idan za su yi alwala. Mai yasar da muka kira ya sauka bai daɗe ba ya nemi a fito da shi, yana jiri da amai, ya kuma ce ba zai sake shiga ba ko nawa za a biya shi. Yanzu ruwan sha da na girki daga 'yan ga-ruwa muke saya, a unguwar da famfo ya yi shekaru bai kawo ruwa ba.

Da muka je wurin manajanku, cewa ya yi rijiyoyinmu ne suka yi kusa da shadda. Ranka ya daɗe, mun san warin shadda, mun kuma san warin fetur. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kuna da hanyar sanin gaskiya ba tare da kun tambayi kowa ba. Kullum ma'aikatanku suna zura sandar awo a cikin tankunan da ke binne, suna rubuta abin da tanka ta sauke da abin da aka sayar. Idan lissafin yana nuna giɓi wata bayan wata, to man da ya ɓace ba sama ya tashi ba. Tankin ƙarfe da ya daɗe a cikin ƙasa mai danshi yana tsatsa, mahaɗar bututu tana saki, kuma ɗigon da ba a gani da ido yana taruwa ya zama lita masu yawa a shekara. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, don haka idan ya ratsa ƙasa sai ya kwanta a saman ruwan ƙarƙashi, ya bi gangare. Da damina ruwan ya taso, sai ya ɗauko shi zuwa rijiyoyin da ba su da zurfi irin namu.

Ba ƙyamar wari kaɗai ke damunmu ba. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce maikirogiram 10 a cikin lita guda ta ruwan sha. Ba sai mun tafi wata ƙasa ba kafin mu ga inda sakaci ya kai. A rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan yankin Ogoni, an samu rijiyoyi a Nisisioken Ogale, cikin Jihar Ribas, da benzin ɗinsu ya ninka wannan ƙa'ida fiye da sau 900, da tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Can daga bututu man ya fito, nan muna zargin tanki, amma yaran da ke shan ruwan duk jiki ɗaya gare su. Amurka ma sai da yoyon tankunan gidajen mai ya ɓata mata ruwa kafin ta kafa ƙa'idoji a 1988, ta ba masu tsofaffin tankuna wa'adin shekara 10 su gyara, su sauya ko su rufe.

Abin da muke nema bai fi ƙarfinku ba. Ku dakatar da amfani da tankunan har sai ƙwararrun da ba ma'aikatanku ba sun gwada su tare da bututunsu, a gaban wakilanmu. A ɗebi ruwan rijiyoyinmu da samfurin ƙasa a kai ɗakin gwaji, a ba mu sakamakon a rubuce. Kafin nan, ku ɗauki nauyin kawo mana ruwa mai tsafta. Idan an tabbatar da yoyo, a tono tankin da ƙasar da ta jiƙe da mai, a sa sabon tanki mai bango biyu, a kuma zuƙe man da ke kan ruwan. Muna roƙo kada a gaggauta haƙa mana burtsatse don a rufe bakinmu, domin idan aka huda ta cikin gurɓataccen wuri ba tare da an toshe gefen ramin da kyau ba, man zai iya bin sa ya gangara zuwa ruwan da ke can ƙasa.

Dokar da ta kafa hukumar NOSDRA, mai kula da malalar mai a Najeriya, a 2006 ta wajabta kai rahoton malalar mai cikin sa'o'i 24, muna kuma so ku gaya mana ko kun kai. Mun aika kwafin wannan wasiƙa ga hukumar, da NMDPRA mai ba ku lasisi, da ma'aikatar muhalli ta jiha. Muna jiran amsarku a rubuce cikin mako biyu ta hannun mai unguwa, wanda ya yarda a yi zaman a ƙofar gidansa duk ranar da kuka sa.

Wassalam,
Maƙwabcinku, a madadin mazauna layin bayan gidan mai.