Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Jojin Jiharmu: Don Allah a Tuna da Baba Rajistara

Ya Mai Shari'a, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙon wannan amana mai nauyi.

Na san ba a intanet ake yi wa Babban Joji magana ba. Na yi akawun kotu kafin in koma karatun lauya, don haka na san akwai takarda, akwai fayil, akwai teburin Babban Magatakarda. Na biyo ta nan ne saboda maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Mu da muka tashi a hannun mutumin nan muna da yawa, mun warwatsu, kuma ina so su ma su ji.

Mako uku ke nan da muka raka Baba Rajistara makwancinsa. Ba zan rubuta sunansa ba, don da yana raye cewa zai yi, "Kai yaro, wa ya aike ka?" Amma duk wanda ya taɓa zuwa yankan sammaci ko karɓar kwafin shari'a a zamaninsa ya san wanda nake nufi. Wajen zaman makoki na ga tsofaffin alƙalai da lauyoyi da masinjoji a tabarma ɗaya. Wata tsohuwa kuma ta zo tun daga ƙauye, aka ce ta shiga cikin gida tana kuka, wai shi ya tono mata takardar rabon gadon mijinta bayan shekaru masu yawa, lokacin da dangin miji suka tashi ƙwace gonar marayunta. Babu wanda ya san ta a gidan.

Ranka ya daɗe, Baba ya shiga aiki yana saurayi, ana saura kaɗan a karɓe kotuna daga hannun En'e. A gabansa aka mayar da kotunan alƙalai kotunan yanki a 1968, suka koma ƙarƙashin gwamnatin jiha. Ya yi kwas a Kongo, Zariya, inda aka horar da ma'aikatan shari'a na Arewa da dama, kuma har ya tsufa kundin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka, da na tsarin shari'ar laifuka na 1960 suna kansa kamar karatun allo. Yana dab da cika shekara 35 a aiki guguwar Shari'a ta taso daga Zamfara a 1999, kotuna suka sake suna da tsari a jihohi da dama. Duk wannan sauyi da aka yi, in aka rasa inda wani tsohon hukunci yake, Baba ake tambaya. Sai ya rufe ido ya ce, "Duba kabad na uku, littafi mai koren bango, wajen tsakiya." Kuma a can za a same shi.

Ni zamanin Abacha aka kai ni ofishinsa, ina ji da kaina, ga takardar sakandare, ga Turanci. Ranar farko bai ba ni biro ba. Benci ya nuna mini a bayan kotu ya ce in zauna in saurara. Mako biyu ina zaune. Da ya ba ni rubutu, na rubuta bayanin wata mai ƙara da Hausar da ta fi tata kyau, na gyara mata magana, ina jiran yabo. Ya karanta, ya yage takardar a gabana. Ya ce matar nan ba ta ce mijinta ya kore ta ba, cewa ta yi ya ce ta tafi gida ta huta, kuma tsakanin waɗannan kalmomi biyu akwai aure. Ya ce in an ɗaukaka ƙara, alƙalan sama ba za su ga fuskar matar ba, ba za su ji muryarta ba, abin da hannuna ya rubuta shi kaɗai za su gani. Har yau in na ɗauki kwafin shari'a a matsayina na lauya, layi biyu nake karantawa in gane ko akawun ya samu mai koya masa.

Kuɗin kotu kuwa, ko sisi ba ya shiga hannunsa sai da rasit, kuma a gaban mai biya yake rubutawa, ya karanta masa da ƙarfi. In baƙauye ya miƙo masa na goro, ba ya tsawa, ba ya wa'azi. Sai ya ce, "Malam, riƙe ka yi kuɗin mota, an ɗage zaman zuwa wata mai zuwa, za ka buƙace shi." Ba zan ce ba shi da aibi ba. Yana da faɗa, ga riƙo in ka yi masa ƙarya sau ɗaya, kuma ya ƙi jinin kwamfuta har ya bar duniya.

To, sai maganar karnuka, wadda na san ita ce abin da wasu suka fi tuna shi da ita, wasu da murmushi, wasu da taɓe baki.

Asalin abin a kotu ya faro. Wasu mafarauta biyu ne suka yi jayayya a kan wata karya, kowa ya ce tasa ce. Alƙali ya ba da umarni a tsare ta a harabar kotu sai an kawo shaidu. Masinjoji suka noƙe, kowa na kare rigarsa. Baba ya ɗaure ta a gindin darbejiya, kullum ya taho mata da ɗumamen tuwo daga gida da ruwa a tsohuwar tasa. Shari'a ta ja, ashe karyar da ciki, ta haihu a nan bayan ofis. Da aka yanke hukunci, wanda ya yi nasara ya ɗauki ɗan kwikwiyo ɗaya ya ce ya ba Baba tukuici. Baba ya ƙi. Sai da wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, ya bi mutumin har ƙauyensu, ya saya da kuɗinsa a gaban mai unguwa. Ya sa masa suna Shaida. Jikokin Shaida ne ke gadin garken awakinsa har yau.

Mutane sun yi ta magana, ka san halinmu da kare. Wani liman ya taɓa tare shi a kan haka. Baba ba jahili ba ne, ya yi zaure. Ya tuna masa cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙonsa don farauta da gadin dabbobi da gona. Ya kawo hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishi Allah ya gafarta masa, ya kawo karen Ashabul Kahfi da ya miƙe ƙafafunsa a bakin kogo. Sannan ya rufe da labarin da ya fi so, na Ibn Abi Zaid mai Risala, wanda aka ce ya ajiye kare bayan katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa Imam Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, zaki zai ajiye. Liman ya yi dariya, aka rabu lafiya. Karnukansa dai ba sa shiga ɗaki, suna da kwanonsu daban, kuma duk shekara yana kai su asibitin dabbobi a yi musu allurar rigakafin haukan kare. Na sha ganinsa da yamma yana cire musu kaska da hannunsa, yana yi musu magana ƙasa-ƙasa kamar masu jiran a kira ƙararsu.

Ya Mai Shari'a, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. In joji ko babban lauya ya rasu, akan yi zama na musamman, a sa riguna, a yi jawabai, kuma sun cancanta. Rajistara kuwa in ya tafi, sai dai abokan aikinsa su yi karo-karo su kai shinkafa gidan makoki. Alhali lokacin da ƙungiyar ma'aikatan shari'a, JUSUN, ta rufe kotuna daga Afrilu zuwa Yunin 2021, kowa ya gani da idonsa cewa alƙali ba ya zama in babu mai buɗe ƙofa da mai riƙe littafi.

Ina roƙon a ambaci Baba a bikin buɗe sabuwar shekarar shari'a mai zuwa, ko da minti biyu ne, a gaban 'ya'yansa. In da hali, a sa sunansa a ɗakin ajiyar tsofaffin kundaye, don a nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yaƙi da gara da yoyon damina.

Roƙon da ya fi damuna shi ne na uku. Akwai sauran tsararsa da suka yi ritaya, suna zaune a ƙofar gida, kuma kullum raguwa suke. Kwasa-kwasan Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da ke Abuja suna da amfani, amma mutum nawa ke samun zuwa? A ɗauko dattawan nan ko sau ɗaya a mako, a ba su ɗan alawus, a zaunar da sababbin akawuna a gabansu su koyi yadda ake sauraron mai ƙara da yadda ake rubuta abin da ya faɗa. A sa matasa masu kwamfuta su ɗauki hoton tsofaffin littattafan nan tun akwai masu iya karanta rubutun ajamin da ke cikin wasunsu.

Baba ya bar littattafan rubutu guda huɗu da hannunsa, yadda ake buɗe fayil, yadda ake lissafin gado, kurakuran da ya ga sun rushe shari'u a ɗaukaka ƙara. Suna wurin babban ɗansa, kuma ya ce in kotu na so zai bayar. Ranar da na je dubawa, na tarar da tsohon karen kwance a bakin zaure, inda Baba ke shimfiɗa buzunsa. An ce tun ranar jana'iza yake kwana a nan.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa kabarinsa ya zama dausayin Aljanna. Allah ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon akawun kotu.