Rahoton Kwamitin Ginin Tankin Ruwa na Makaranta

Kwamitin da iyaye da malamai suka ɗora wa aikin tankin ruwa yana sanar da ku cewa an gama, an gwada, ruwa kuma yana ciki. Abin da kuka nema shi ne tanki zagayayye, mai siffar gwangwani, wanda zai ci lita 12,000 na ruwan saman da ke sauka daga rufin ajujuwa.

Tun a zaman farko lissafi ya so ya raba mu. Ƙa'idar dai guda ce: a nemo girman filin gindin, a ninka shi da tsayin ruwan. Filin gindi kuwa ana samunsa ne in an ninka rabin faɗi da kansa, sannan a ninka da 22/7. Mun tsayar da faɗin ciki mita 2.8, rabinsa 1.4 ke nan, tsayin ruwa kuma mita 2. Wani ɗan kwamiti, da ya roƙa kada a ambaci sunansa, ya sa 2.8 ɗin gaba ɗaya a lissafi, ya miƙe yana yi mana albishir cewa tankin zai ci lita dubu arba'in da tara. Malamin lissafi ya karɓi takardar, ya gyara lamba ɗaya, abin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Filin gindi murabba'in mita 6.16 ne, in an ninka da tsayin mita 2 sai a sami kubik mita 12.32. Kowace kubik mita lita 1,000 ce, don haka lita 12,320, ta ɗan haura abin da ake so.

Kuskuren da ya kusa cin mu a wurin aiki ya faru. Magini ya kafa turke a tsakiya, ya ɗaura igiya mai tsawon mita 1.4, ya zana da'ira a ƙasa da ƙusa, ya ɗauke ta a matsayin bayan bango. Kaurin bangon, har da shafe, santimita 20 ne. Da an bi wannan zane, rabin faɗin ciki zai koma 1.2, ruwan kuma ya tsaya a wajen lita 9,050. Tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba za ta cinye fiye da kwata na tankin, domin rabin faɗi sau biyu yake shiga lissafi. Allah ya sa ba a zuba kankare ba tukuna. Maginin ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi haka, sai mu ƙara tsayi." Muka lissafa: sai ruwan ya kai mita 2.65, wato sama da bakin indararo, kuma duk yadda ruwa ya ƙara zurfi haka yake ƙara matsa ƙasan bango. Muka ce a'a, a ƙara igiya zuwa 1.6 a sake zane. A gaskiya laifin namu ne, don takardar da muka ba shi "faɗi" kawai ta ce, ba ta ce na ciki ko na waje ba.

Fandisho mun sa masa rodi sosai, saboda lita guda ta ruwa kilo guda ce, cikakken tankin ya wuce tan 12 ban da nauyin ginin. Bangon ya tashi mita 2.1, bututun ambaliya yana daidai mita 2. Shafen ciki, bango da gindi, ya kama kusan murabba'in mita 25.

Ranar gwaji muka cika shi, muka yi alama da alli. Da safe ruwa ya sauka santimita 3. Wasu suka ce ai ba komai ba ne, amma a wannan faɗin lita 185 ce a dare ɗaya. An gano yoyon a inda bututun famfo ya ratsa bango, aka fasa wurin aka sake liƙewa, gwaji na biyu alamar ba ta motsa ba.

Mun bar sandar awo a hannun mai gadi, an tsaga ta duk santimita 10, kowace tsaga lita 616. Malamin lissafi ya nemi a riƙa ba ɗalibansa aron ta ranar da suke darasin silinda, wato siffar gwangwani, kwamiti ya amince, da sharaɗin kada yaro ya hau murfin sai da babba a wurin.