Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Magoya Bayan White Sox

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawa, iyayenmu mata, da sauran 'yan uwa mazauna Shikago da har yanzu ba su kyautar da hulunansu ba, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Dokar ƙungiya ta ɗora wa sakatare rubuta rahoto duk Disamba, ba ta kuma ce sai shekarar ta yi daɗi ba.

Kulob ɗinmu ya buga wasan besbol 162 a kakar bana, ya ci 41, an doke shi a 121. Tun daga 1900 babu kulob a babbar gasar Amurka da ya sha kashi haka a kaka ɗaya. New York Mets na 1962 ne ke riƙe da wannan kambu da 120, su kuwa suna da uzuri, shekararsu ta farko ke nan a gasar. Wani dattijonmu mai son tarihi ya tono Cleveland Spiders na 1899 da aka doke sau 134, ya roƙi a saka su a rahoto don zukata su yi sanyi. To ga su na saka. Sai dai Baba bai faɗa wa taro cewa daga wannan kakar aka rushe kulob ɗin ba.

Aikinmu na farko shi ne zuwa wasan buɗe kaka ranar 28 ga Maris, cikin azumi, ga sanyi. Garrett Crochet ya yi jifa mai kyau, masu bugu suka kasa kawo ko maki ɗaya, Detroit ta tafi da 1 da 0. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: a wasa 25 na farko uku kacal muka ci.

Kwamitin kallo ya ci gaba da haɗa mu a gidajen 'yan uwa bi da bi, kuma muna godiya ga iyayenmu mata da suka riƙa dafa abinci ga mutanen da ke tashi ransu a ɓace. Zaman da ya fi jawo gardama shi ne na 23 ga Mayu, da muka kara da Baltimore. Ga sababbin shiga, wasan zagaye tara ne, kowane ɓangare yana bugu har sai an fitar masa da mutum uku. A zagayen ƙarshe muka taso daga baya har ya zama 8 da 6, mutum biyu namu na kan hanyar zagaya fili don kawo maki, an fitar da ɗaya kawai. Ƙwallo ta tashi sama a tsakiyar fili, wanda ya buga ya fita bisa doka, sai alƙalin wasa ya ce Andrew Vaughn, ɗaya daga cikin biyun da ke kan hanya, da ke komawa mazauninsa a natse, ya tare wa mai cafka hanya, shi ma ya fita. Wasa ya ƙare nan take. Mun kai tsakar dare muna karanta littafin dokoki a waya. A ganina ranar ce muka fi koyon besbol duk shekara, domin kulob mai cin wasa ba ya tilasta wa magoya bayansa karatu.

Wannan wasan yana cikin 14 da aka doke mu a jere daga Mayu zuwa farkon Yuni, har da biyu a filin Cubs, maƙwabtanmu na arewacin gari, duka 7 da 6, duka kuma mu ne a gaba tun farko. Mun ɗauka iyakarta ke nan. Daga 10 ga Yuli zuwa 5 ga Agusta sai aka jera mana 21, daidai da abin da Baltimore ta sha a 1988. Kwamitin walwala, wanda aka kafa don suna da biki, ya koma kwamitin jaje. Ranar 6 ga Agusta aka ci Oakland 5 da 1, amma da yake a Kalifoniya aka buga, rabin 'yan ƙungiya sun yi barci, sai da safe suka riƙa kiran juna suna tambayar ko kuskure aka yi a labarai. Bayan kwana biyu aka sallami koci Pedro Grifol, Grady Sizemore ya riƙe na wucin gadi, shi ma kafin ya gama zama aka jera masa 12.

Akwai wanda ya ci riba. Michael Kopech, da aka tura Dodgers a ƙarshen Yuli, ya ɗaga kofin World Series, wato babban kofin gasar, tare da su a Oktoba. Ƙungiya tana taya shi murna da rabin zuciya.

Babban aikin shekara shi ne fitar Satumba. Bayan San Diego ta cika mana 120, saura wasa uku a gida da Angels, daga 24 zuwa 26 ga wata. Kwamitin zartarwa ya zauna ya ce tunda an hana mu ganin nasara, ba za a hana mu ganin tarihi ba. Ma'aji ya saki kuɗi, abin da ba halinsa ba, muka shiga jirgin ƙasa na jan layi muka sauka a tashar titi na 35, har da masu ɗauko yara don su ba jikokinsu labari. A daren farko ana cin mu 2 da 0 har zagaye na takwas, kowa ya gyara wayarsa zai ɗauki hoto. Sai yaran nan suka farka, suka ci 3 da 2. Washegari suka sake ci. Rana ta uku suka yi wa Angels 7 da 0. Na ga dattijo mai furfura yana yi wa kulob ɗinsa ihu don ya ci wasa, na ga wani yana tafi yana tsaki lokaci guda. Kashi na 121 sai da suka je Detroit suka karɓo shi ranar 27 ga Satumba, 4 da 1, a daren da Tigers, kulob ɗin Detroit, ke bikin samun gurbi a wasannin neman kofi. Mu a talabijin muka gani. Wata shida suna faɗuwa a gabanmu, faɗuwa ɗaya da muka biya kuɗi don ita suka kai wa baƙi. Daga nan suka ci biyun ƙarshe, don dai a ƙara mana haushi.

Game da mai kulob, Jerry Reinsdorf, wanda ke riƙe da shi tun 1981: matasa sun kawo ƙudurin ƙungiya ta bi sahun masu rera a sayar da kulob. Dattawa suka tuna musu 2005, da aka share Houston wasa huɗu a jere aka ɗauki kofin da rabonmu da shi tun 1917. Matasa suka ce wasunsu a lokacin rarrafe suke yi. An ɗage maganar zuwa babban taro.

Asusu lafiya lau, domin tikitin hannu na biyu ya yi araha ƙwarai, kuɗin shayi da tsire ma ya fi na shiga fili. Ma'aji zai karanta dalla-dalla. Kwamitin ladabtarwa kuma ya saurari ƙarar ɗan uwan da aka gani da hular Cubs. Ya ce ruwan sama ne ya kama shi, an karɓi uzurinsa bisa sharaɗin zai ɗauki nauyin abincin zama na gaba.

Badi akwai sabon koci, Will Venable. An tura Crochet Boston a wannan watan a madadin matasan 'yan wasa huɗu, don haka masu rigarsa su yi haƙuri. Sunan filinmu ma ya gajarce daga Guaranteed Rate Field zuwa Rate Field. Za a buɗe kaka ranar 27 ga Maris a gida, da Angels ɗin nan dai. Mai son kujera ya ba ma'aji sunansa kafin ƙarshen Janairu, waɗanda ake bi kuɗin wata kuma su biya tukuna, don an yanke cewa ɓacin rai ba ya cikin uzurorin da doka ta amince da su.

Wassalam.
Sakatare