Ƙanena ya ce a riƙa tambayarsa

Assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ƙara basira. Daga Marwa ta ƙasar Kamaru nake rubuto miki a kan ƙanena, wanda nake riƙo tun rasuwar mahaifiyarmu.

Mu mutanen Amcide ne, can bakin iyaka daura da Banki. A 2014 da 'yan Boko Haram suka far wa garin muka gudo Mora, daga baya muka zarce Marwa. Yana ɗan shekara 15 a lokacin, kuma abin da idonsa ya gani a hanya har yau bai faɗa wa kowa ba. Ya koyi ɗinki, hannunsa ya faɗa, sai abokai suka koya masa tiramol wai don ya jure aikin dare gabanin sallah. Bara kansa ya taɓu. Ba barci, yana jin muryoyi, yana cewa ana bin sa.

Yanzu mutum uku ne a kansa: nas ɗin da ya ɗora shi a kan haloferidol, wani maganin taɓin hankali, malaminmu mai yi masa ruƙiyya, da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke leƙo mu gida. Alhamdulillahi muryoyin sun yi shiru. Amma jikinsa ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba, ko zare ba ya iya zurawa a allura. Tela fa, Hajiya!

Su ukun nan ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, ni ce 'yar aike. Nas da Faransanci yake bayani, nawa kuwa na cinikin kasuwa ne, kafin in iso gida rabin maganar ta zube. Abin da na kama shi ne sandarewar illar magani ce, ana iya rage shi ko a haɗa da wani. Malam kuma ya ce mutanen ɓoye ne ke kokawar fita. Kawunmu nasa daban: a hau mota zuwa Ngawundare, a kama jirgin ƙasa a kai shi asibitin Jamot a Yawunde, inda ake duba masu taɓin hankali, alhali ko kuɗin mota bai ajiye ba.

Rannan ma'aikaciyar ta bar mu muna ta musu, ta juya ta ce masa, "Kai me kake so?" Wallahi kunya ta kama ni, shekara guda ban taɓa tambayarsa ba. Ya ce a fito masa da kekensa da na kulle a ɗaki, a bar shi ya riƙe maganinsa, kuma a daina shawara a kansa yana zaune kamar buhun gero. Ita tana ganin a gwada, a fara da maganin kwana bakwai-bakwai.

Ni kuwa tsoro nake ji. Inda keke yake akwai almakashi. In ya koma shago, abokan nan suna nan. In ya bar shan maganin a ɓoye saboda rawar hannun fa?

Hajiya, ta yaya zan zaunar da nas da malam a tabarma ɗaya, ƙanena na tsakiya, ba tare da malam ya ga an raina shi ba? Ko ita ma'aikaciyar zan roƙa ta kira zaman, tunda ni mace ce kuma kawu na raye? Sannan makullin ɗakin keken, in ba shi yanzu, ko in jira a gyara maganin tukuna?

Taki, mai sauraronki daga Marwa.