Wasiƙa zuwa ga ɗana: idan kare ya yi amai ruwan ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso a kan karen da ke yi muku gadi, cewa ya yi amai ruwan ƙasa, har wasu sun ce ka ɗura masa manja da madara. Dakata tukuna. Na ga gara in rubuta maka a tsanake ka ajiye, don bayanin ya fi ƙarfin waya. Dabbar da ka ɗaure a gidanka kuwa, cinta da jinyarta duk suna wuyanka.

Abu uku ke sa aman kare ya fito da wannan launi. Ko dai abin da ya ci launinsa ke nan, ko jini ne ya zauna a ciki har ruwan ciki ya dafa shi ya yi duhu, ko kuma hanji ne ya toshe, abin da ya kamata ya wuce ƙasa ya juyo sama. Na farko galibi yakan wuce da kansa. Biyun ƙarshe suna iya kisa. Aikinka shi ne ka gane wanne ne a gabanka kafin a share wurin.

Ka sa leda a hannu, ka ɗebo aman da tsinke, ka baza shi a kan farar takarda a hasken rana. Ka ɗauki hotonsa da wayarka saboda likita. Idan ka ga gutsattsarin tuwo, ƙasa, ciyawa ko abincin kare na buhu da ya jiƙe, abinci ne. Idan ka ga ƙananan baƙaƙen ɗigo masu kama da ɗiɗɗigar ganyen shayi a gindin kofi, jini ne da ya dahu. Diga ruwa kaɗan a gefensa, sau da yawa za ka ga ja-ja yana bin takardar. Idan kuma ruwa ne tsululu mai warin kashi, ko dai karen ya ci kashi ne, ko hanjinsa ya toshe. Yanayin jikinsa ne zai raba maka gardama.

Don haka sai ka koma kan karen. Ɗaga leɓensa na sama ka dubi dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne, da danshi. Danna da yatsa ka saki, jan ya dawo kafin daƙiƙa 2. Dasashi fari fat na nufin jini yana zuba a wani wuri, rawaya kuma shawara ce, hanta ko jini ya taɓu. Ja fatar kafaɗarsa ka saki: idan ta tsaya a tsuke ba ta koma nan take ba, ruwan jikinsa ya ragu ƙwarai. Shafa cikinsa a hankali ka ji ko ya ƙame, ko yana kuka in an taɓa. Zafin jikin kare mai lafiya daga digiri 38 ne zuwa 39.2, a dubura ake aunawa. Sannan ka dubi kashinsa na ƙarshe. Kashi baƙi ƙirin, mai danƙo da wari na daban, shi ma jini ne da ya biyo ta ƙasa.

Amma ka ji wannan da kyau. Idan karen ya sauya hali, yana dalalar da yawu, bakinsa a buɗe ya kasa haɗiya, kada ka kuskura ka sa hannu a bakinsa da sunan ciro ƙashi. Haka ciwon haukan kare yake yaudarar mutane. Killace shi, ka kira likitan dabbobi. Wanda karen ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti ranar.

Na abinci ba sai na tsawaita ba. Karen da ake saki da dare yana tonon bola, ya ci mushe, ya ci kashin dabbobi. Lokacin layya ya lashi jinin yanka, ya cika ciki da kitse da kayan ciki, washegari ya amayar da su ruwan ƙasa. In sau ɗaya ne ko biyu, yana kaɗa wutsiya, yana shan ruwa ruwan na zama, dasashinsa lafiya, to a gida za ka kula da shi. Ɗauke abinci awa 6 zuwa 12. Ruwa kuma kada ka ajiye masa cike da kwano, zai ɗaɗɗaka ya sake amayarwa. Ba shi cokali 2 ko 3 duk bayan minti 20, in ya zauna ka ƙara. Babban kare yana buƙatar kamar mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato mai kilo 20 ya sha lita ɗaya da ɗan wani abu, a lokacin zafi fiye da haka. Bayan nan a dafa farar shinkafa ta yi laushi, kashi 2, da tsokar kaza marar fata da ƙashi, kashi 1. Ba mai, ba gishiri, ba magi, ba albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyun suna fasa ƙwayoyin jinin kare. A ba shi kaɗan-kaɗan sau 4 a yini, kwana 2 zuwa 3, sannan a koma abincinsa sannu a hankali. Kwikwiyo dai ba a hana shi abinci tsawon wannan lokaci, sukarin jininsa yakan faɗi. Cakulan da goro ma suna ba amai wannan launi, kuma su ba abinci ba ne gare shi, guba ne: za ka ga ya kasa zama wuri ɗaya, yana haki, zuciyarsa na bugawa da sauri, jiki na ɓari.

Inda na fi so ka ba ni hankalinka shi ne maganar jini, domin mafi yawanta da hannun mai karen ake jawo ta. Kare ya yi ɗingishi, sai a aika kemis a sayo maganin ciwon jiki na mutane, aibufurofen, dikulofenak, Feldene ko Indocid, a cusa a nama a ba shi. Waɗannan magunguna suna hana jiki yin sinadarin da ke sa tumbi ya shafe kansa da majina mai kare shi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. In majinar ta ragu, ruwan tsamin sai ya ci bangon tumbin, gyambo ya fito, ya fara tsattsafar da jini. Jikin kare bai iya fitar da su da sauri kamar na mutum ba, don haka suna taruwa. Ƙwaya ɗaya ta aibufurofen mai miligiram 400 ta isa ta tayar da cikin kare mai kilo 15, in an maimaita kwana biyu uku gyambon na iya huda tumbin, ƙoda ma ta lalace. Ka san har maganin ɓera mutane ke yi da Indocid, to ka auna. Mafi muni shi ne a haɗa su da maganin kumburi irin dekisametason ko furedinisolon. Farasitamol shi kuma hanta da jini yake taɓawa. Ka tambayi kowa a gidan, har yara da mai yi muku aiki, ko wani ya ba shi ƙwaya cikin makon nan don tausayi. Tambayi da lallami, in ka yi faɗa za a ɓoye maka.

Sai maganin ɓera, kuma iri-iri ne. Akwai wanda ke hana jini daskarewa, mai zuwa kamar shinkafa ko ɗan dunƙule mai launin shuɗi, kore ko ja. Sharrinsa shi ne kare zai ci ya yini garau, sai bayan kwana 3 zuwa 5 jini ya fara zuba ta ciki: kasala, farin dasashi, haɓo, numfashi sama-sama, amai ko kashi mai jini. In ka gan shi yana ci, kai shi cikin awa 2 likita ya sa shi amai. Makarinsa bitamin K1 ne, ana sha har kusan mako 4. K3 da ake samu a wasu shaguna ba ya aiki a nan, ka duba kwalin da idonka. Akwai kuma wani baƙin gari mai warin tafarnuwa da ake barbaɗawa a kifi ko tuwo. Shi cikin minti kaɗan zuwa awa 4 yake kamawa, domin da ya haɗu da ruwan ciki sai ya zama iska mai guba. Abinci ko madara ƙara masa ƙarfi suke yi, kuma iskar da ke tashi daga aman tana cutar da mutum, don haka a fito da karen fili, in a mota ne a sauke gilasai. Sniper da fiya-fiya, da wani irin ruwan wankin kaska da aka cika masa ƙarfi, alamarsu yawu mai kumfa, ɓarin jiki, zawo, ƙwayar ido ta tsuke. Suna da allurar makari a wurin likita, amma sai an yi sauri. A duk waɗannan ka tafi da kwalin ko kwalbar.

Manja ba ya karya guba ko ɗaya a cikinsu. Kare mai kasala in an ɗura masa, man yakan sarƙe shi ya shiga huhu ya zama wata cutar. Gishirin da ake cusawa don a sa shi amai, shi kansa yana kumbura ƙwaƙwalwa ya kawo farfaɗiya. In kananzir ko soda ya sha, sa shi amai ƙara ƙona maƙogwaro ne.

Jini a amai yana zuwa ta wasu hanyoyin kuma. Tsohon kare mai yawan shan ruwa da fitsari, yana ramewa, bakinsa na warin fitsari, ƙoda ce ta gaza, dattin jini ke cin tumbinsa. Kare mai kaska da yawa yakan kamu da cutar da ke sa haɓo, ya haɗiye jinin, ya amayar da shi baƙi-baƙi. Cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera tana kawo amai da zazzaɓi da shawara, ta fi yawa da damina, kuma tana kama mutum, shi ya sa na ce ka sa leda.

Toshewar hanji kuwa, abubuwan da ke jawo ta suna nan a tsakar gidanka: totuwar masara, ƙwallon mangwaro, ledar da aka ƙulle nama, tsumma, safa, dafaffen ƙashin kaza ko na rago. Totuwa ta fi kowa sharri, don ba ta narkewa kuma faɗinta daidai cika hanji ne. Karen zai riƙa amai akai-akai, ko ruwa ya sha ya dawo. Da farko abinci, sai rawaya ko kore, daga baya ruwan ƙasa mai warin kashi. Ya daina kashi ko ya riƙa yunƙuri ba komai, ya kan durƙusa da ƙafafun gaba ya ɗaga baya don ciwo. Wurin da ya toshe jini ba ya isa gare shi, sai naman hanjin ya mutu ya fashe, ƙazanta ta zuba cikin ciki. Ba jiƙon da ke buɗe wannan, ba maganin wankin ciki, tiyata ce, kuma wanda aka yi wa da wuri ya fi tashi. In ka ga zare ko tsumma ya leƙo ta dubura, kada ka ja, yana iya yanka hanjin. Haka babban kare mai zurfin ƙirji da cikinsa ya kumbura tim bayan cin abinci, yana kakari ba abin da ke fita: tumbi ne ya murɗe, awoyi kaɗan gare ka.

Ga kwikwiyo, daga mako 6 zuwa wata 6, abu biyu nake zargi kafin komai. Cutar fabo, mai fara da ƙin abinci da amai, ta bi da zawon jini mai ƙarni da ba a mantawa. Sai tsutsar hanji mai ƙugiya, da ke shan jini har dasashi ya yi fari, kashi ya yi baƙi. A fabo, ƙarin ruwa da allurai ne ke riƙe kwikwiyon har jikinsa ya yi nasara. Ƙwayarta takan yi watanni a ƙasa. A fara kwashe ƙazantar, sannan a wanke daɓe da kwanoni da Hypo ko Jik, murfi 1 a murfi 30 na ruwa, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye.

Ka kama hanyar asibiti ba jiran gobe idan ka ga ɗiɗɗigar jini, ko warin kashi tare da kasala, ko amai ya wuce sau 3 a yini, ko ruwa ba ya zama, ko dasashi ya sauya, ko kwikwiyo ne ko tsoho. Kada ka ba shi abinci kafin tafiya, wataƙila a yi masa allurar barci. Kwantar da shi a kan buhu, kansa ya ɗan yi ƙasa don kada amai ya sarƙe shi. Fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, in ana buƙatar hoto ko tiyata akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Likita zai auna yawan jini, ya duba ƙoda da hanta, ya sa ƙarin ruwa, ya ba da maganin rage tsamin ciki da na rufe gyambo gwargwadon nauyin karen. Faɗa masa gaskiyar duk abin da aka ba shi a gida, da awa nawa ke nan.

In ya warke, ka gyara katin rigakafinsa. Rigakafin fabo sau uku ne ga kwikwiyo: a mako 6 zuwa 8, a mako 10 zuwa 12, sai a mako 14 zuwa 16, kuma kada ya fita waje sai an kammala. Na haukan kare daga wata 3, a sabunta duk shekara. Maganin tsutsa daga mako 2 da haihuwa, duk bayan mako 2 har ya kai wata 3, babba kuma duk wata 3. Maganin ɓera a sa shi cikin gwangwani ko bututu mai ƙaramin baki da kan kare ba zai shiga ba, mataccen ɓera a binne shi da zurfi. Kwandon shara ya zama mai murfi, musamman lokacin masara da mangwaro.

Ka turo mini hoton aman da na dasashin yau ɗin nan, ka faɗa mini yaushe ya yi kashi na ƙarshe. Mahaifiyarka tana gaishe ku. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya yi muku albarka.

Wassalam,
Mahaifinka